Direbana ya maƙale a 1024×768, ta ina ake ƙara girman allo?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata takwas ke nan ina rubuta babbar manhaja ta kaina, irin wadda ake yi don koyo, kuma yanzu na iso kan direban allo. Kafin kanel, wato zuciyar manhajar, ya tashi ina kiran BIOS, shirin da ke cikin kwamfuta tun daga kamfani, ta INT 10h, in sa 4F02h a AX, in ba shi lambar yanayi 0x118, sai in samu 1024×768. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, komai lafiya lau. Amma da na ɗora a kwamfutar cinyata, wadda allonta 1366×768 ne, sai hoton ya buɗe ta gefe. Na zana da'ira ta fito kamar ƙwai, haruffa duk sun yi kumburi. Na je teburin da na jera girma-girman allo a cikin direban na ƙara layi ɗaya na 1366 da 768, ko gezau. Don Allah wace lamba ce ta 1366×768? Na duba jerin lambobin VESA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin allo, ban gan ta ba.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ba ka gan ta ba saboda babu ita. Waɗannan lambobin da ka haddace, su 0x101 da 0x118 da 0x11B, na zamanin farko ne, lokacin da kusan kowane allo ba mai faɗi sosai ba ne irin na yanzu. Tun da VBE 2.0, ƙa'idar VESA ta kiran BIOS na hoto, ya fito a 1994 aka ce an daina raba wa sababbin yanayi lamba ta dindindin. Kowane mai ƙera katin hoto ya sa tasa.

Teburin da ke cikin direbanka kai kaɗai ka san da shi. Kati bai san ka rubuta komai ba. Abin yi shi ne ka tambaye shi. Ka kira 4F00h da wurin ajiya na bayit 512, ka fara rubuta VBE2 a farkonsa. Zai dawo maka da adireshin jerin lambobin yanayin da yake da su, jerin kuma yana ƙarewa da 0xFFFF. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da 4F01h, kowanne ya faɗa maka faɗinsa da tsawonsa da yawan bit na kowane ɗigo. In ka ga wanda kake so, ka kunna bit na 14 a lambarsa kafin ka miƙa wa 4F02h, don ka samu ma'ajiyar hoto a shimfiɗe, ba guntu-guntu ba. Ka kwafe jerin zuwa wani wuri kafin ka fara bin sa, domin wasu BIOS ɗin a cikin wurin ajiyar da ka ba su suke rubuta shi.

Kanel64: Ƙari a kan maganar Malam: ko 0x118 ɗin ma kada ka yarda da shi ido rufe. A takarda bit 24 ne, amma akwai katunan da za su ba ka 32 a wannan lambar. Ka karanta abin da 4F01h ya ce kawai.

Ɗan Koyo: Allah ya saka da alheri, Malam. Na yi yadda ka ce, kuma wallahi ga shi a cikin jerin, 1366×768 da bit 32, a wata lamba da ban taɓa gani a ko'ina ba. Na shiga. Sai dai yanzu wata sabuwa ta ɓullo. Na ja layi ɗaya a tsaye daga sama zuwa ƙasa, amma maimakon ya sauko a miƙe sai ya karkace hagu, ya fita ta gefen allo, ya sake shigowa ta dama, haka har sau biyar da ɗoriya. Rubutu ba ya karantuwa sam. Can ƙasa kuma akwai 'yar siririyar baƙar hanya da launin bango bai kai ba.

'Yar Lantarki: Ƙanena, yaya kake lissafin inda kowane layi yake farawa a memori?

Ɗan Koyo: Lambar layi sau faɗi sau huɗu, Yaya. Wato 1366 sau 4, ya ba ni 5464.

'Yar Lantarki: To nan take. Duba BytesPerScanLine a cikin abin da 4F01h ya dawo maka da shi, ka faɗa mana.

Ɗan Koyo: 5504 ne.

'Yar Lantarki: Ka gani. Kati ba ya jera layuka manne da juna yadda kake zato. Yana son kowane layi ya fara a adireshin da ya rabu daidai, sau da yawa da 64. Raba 5464 da 64 ka gani, ba ya tafiya. Lamba ta gaba da ke tafiya ita ce 5504, wato ɗigo 1376. Saboda haka a ƙarshen kowane layi akwai ɗigo goma da ba a nunawa, suna nan a memori amma ido ba ya ganinsu. Kai kana taku 5464, kati yana taku 5504. Kowane layi kana baya da bayit 40, ɗigo goma ke nan, shi ya sa layinka yake zamewa hagu. In ka tara 40 sau 768 za ka samu 30720, wanda ya kai layi biyar da rabi da ɗan kai. Ga baƙar hanyar da ka gani a ƙasa, ga kuma sau biyar da ɗoriyar da layin ya zagaya. Lissafin duk ɗaya ne.

Abin da ya ɓoye maka wannan a da shi ne 1024 sau 4 yana ba da 4096, wanda ya rabu da 64 daidai. Kuskuren yana cikin kod ɗinka tun ranar farko, sai yau ya samu allon da zai fito a kai. Ka ajiye faɗi daban, takun layi daban, kada ka sake ciro ɗaya daga ɗaya.

Ɗan Koyo: Ya miƙe! Da'irata ta zama da'ira. Na gode ƙwarai, Yaya.

Kanel64: 1366 lamba ce mai wahalar sha'ani dama. Ba ta rabuwa da 8. In ka nemi 1366 a katin kwaikwayo na QEMU ta rajistocinsa, wato guraben da ake rubuta wa kati umarni, zai datse maka ita zuwa 1360. Don haka bayan ka saita yanayi, ka sake karanta abin da aka ba ka, kada ka ɗauka abin da ka roƙa shi ka samu.

Ɗan Koyo: Na dawo, ku yi haƙuri da yawan tambaya. Na jona monita ta waje mai 1920×1080. Na bi jerin BIOS kaf, babu ita a ciki. Wannan karon ba batun ban tambaya ba ne, na tambaya an ce babu. Ina mafita?

Kanel64: Mafita mai sauri: ka gyara BIOS ɗin a memori. Lokacin tashi ana kwafe BIOS na hoto zuwa RAM, teburin yanayinsa yana ciki. Ka buɗe wurin don rubutu, ka nemo wani yanayi da ba ka buƙata, ka sauya alƙalumansa da naka, sannan ka kira 4F02h kamar kullum. Ba sabon abu ba ne. Abin da 915resolution ya riƙa yi ke nan wa masu kwamfutocin cinya da ke da kwakwalwar hoto ta Intel, lokacin da allo masu faɗi irin 1280×800 suka fito amma BIOS bai san da su ba. Mutane da yawa sun ci moriyarsa.

'Yar Lantarki: Ban goyi bayan wannan ba, kuma zan faɗi dalili. Wancan shirin ya yi aiki ne saboda marubutansa sun san fasalin teburin wasu BIOS ƙalilan na dangin kwakwalwa ɗaya. Ɗan Koyo zai zauna ya tono na kwamfutarsa, ya yi nasara, ranar da ya kai manhajar wata kwamfuta sai ya rubuta shara a tsakiyar kod ɗin BIOS. Kuma bayan duk wahalar bai koyi yadda allo yake aiki ba, ya dai koyi inda wani kamfani ya ɓoye teburinsa.

Girman allo ba lamba biyu ba ne. 1920×1080 abin da ido ke gani ne kawai. Abin da ke bin waya ya fi haka: kowane layi ɗigo 2200 ne, 1920 na hoto, 280 na hutu. Layuka kuma 1125 ne, 1080 na hoto, 45 na hutu. A cikin hutun nan ake aika alamar cewa layi ya ƙare ko shafi ya ƙare. Gadon tsofaffin monita masu ƙeya ne, waɗanda bindigar cikinsu take buƙatar lokaci ta komo farkon layi, amma har yau ana amfani da shi. Yanzu buga 2200 sau 1125 sau 60. Ya ba ka 148,500,000. Dole kati ya fitar da ɗigo miliyan 148.5 a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi mai yawa. Ƙara girman allo a direba na gaskiya shi ne ka saita agogon da ke ba da wannan gudun, ka cika rajistocin lokaci, ka nuna wa kati inda ma'ajiyar hoto take, ka kunna ƙofar da monita take kai. Duk wanda ya ƙetare wannan, roƙo yake yi a wurin BIOS.

Kanel64: Na ji, Hajiya, kuma duk gaskiya ne. Amma mutum ɗaya ne, yana koyo. Kin san girman littattafan da Intel ke fitarwa kan rajistocin katinsu, kuma kowane ƙarni da nasa. Na AMD daban, na Nvidia kuma ba a ma maganarsa. In muka ce sai ya rubuta direba na asali kafin ya ga 1080, zai bar aikin. Na ga waɗanda suka bari a daidai wannan gaɓar. Gara ya samu abin da zai riƙe hannunsa.

'Yar Lantarki: Ai ban ce ya rubuta wa duniya duka ba. Kwamfuta ɗaya gare shi.

Tsohon Hannu: Ku dakata, ku biyun kun tsallake mataki. Kafin a yi gardamar yadda za a saita yanayi, wa ya gaya wa direba yanayin da ya kamata ya saita? Ɗana, kai ka san monitarka 1920×1080 ce saboda ka karanta a kwali. Direbanka bai karanta kwali ba. In ka rubuta 1920 da hannu, ka koma gidan jiya, teburin nan naka na farko.

Monita tana ɗauke da takardar shaidarta, sunanta EDID. Bayit 128 ne a wata 'yar kwakwalwa a cikinta, ana karantawa ta wayoyi biyu da ke cikin kebul ɗin, a adireshi 0x50. Tunda har yanzu kana da BIOS a hannu, 4F15h da 01 a BL zai karanto maka. Bayit takwas na farko kullum 00, sai FF shida, sai 00. In ka tara duka 128 ɗin, jimlar ta rabu da 256 ba saura, in ba haka ba an samu ɓaraka. Daga bayit na 54 akwai gurabe huɗu masu bayit 18 kowanne, na farkon shi ne yanayin da monita ta fi so, da agogonsa da hutunsa da komai. Bayit na 126 kuma yana faɗa maka ko akwai ƙarin shafuka a gaba, talabijin da monita masu HDMI yawanci suna da shi. Ka fara da wannan. Ko hanyar Kanel64 ka bi, ko ta 'Yar Lantarki, sai ka buƙace shi.

Mai Gyaran Allo: Malam, a gafarce ni in sa baki. Ni ba marubucin direba ba ne, gyara nake yi, amma EDID ɗin nan na sha ganin ƙaryarsa. Akwai monita da aka kawo min, kowace kwamfuta aka jona sai ta tsaya a 1024×768. Allon lafiyarsa ƙalau, 'yar kwakwalwar ce ta lalace, abin da take bayarwa ba ya wuce gwajin jimla. Akwai adafta masu arha da suke ba da EDID nasu na ƙarya maimakon na monita. Akwai akwatin raba monita tsakanin kwamfuta biyu da ba ya wucewa da shi gaba ɗaya. Majigi kuma da doguwar wayar VGA, sau da yawa ƙafar da ke ɗauke da bayanin ta karye ko ba a ma haɗa ta ba. In direba ya ce shi sai abin da EDID ya faɗa, mai irin wannan kayan ya shiga uku, ba shi da yadda zai yi.

Tsohon Hannu: Gaskiyarka, kuma na ji daɗin da ka kawo wannan. A cikin kod ɗin Linux ma akwai jerin monitocin da aka san EDID ɗinsu na da kuskure, ana gyara musu da hannu. Sun kuma bar wa mai kwamfuta ƙofa: yana iya tilasta yanayi da video= a layin tashi, ko ya ba da fayil ɗin EDID nasa ta drm.edid_firmware. Don haka tsarin da nake bi shi ne, a fara jin ta bakin monita. In maganarta ba ta wuce gwaji ba, a faɗo kan yanayin da kusan kowa ke karɓa, 640×480 a agogo megahaz 25.175 ko 1024×768. Sannan a bar mutum ya zaɓa da kansa, amma da igiya a ƙugu: Windows yana ba ka daƙiƙa 15 ka tabbatar, in ba ka taɓa komai ba ya mayar da kai inda kake. Wanda allonsa ya yi baƙi ba ya iya danna "a'a", shirunsa shi ne amsarsa.

A zamanin monita masu ƙeya abin ya fi haka haɗari. Takardun XFree86, tsohon tsarin nuna hoto na su Linux, sun riƙa gargaɗi ƙarara cewa alƙaluman lokaci marasa kyau na iya lalata monita. Na yanzu dai rubutu suke fitarwa cewa siginar ta wuce iyaka.

Kanel64: In babu EDID ai sai a lissafa. VESA suna da ƙa'idar CVT, ka ba ta faɗi da tsawo da 60, ta fitar maka da sauran.

'Yar Lantarki: A lissafa, amma a san wace ake lissafawa. CVT ta asali tana ba 1920×1080 agogo megahaz 173. DVI mai layi ɗaya iyakarsa 165. Ka ga yanayin da yake daidai a takarda amma waya ba za ta ɗauka ba. In ka zaɓi CVT mai gajeren hutu sai ya sauko 138.5, ya wuce. Talabijin kuma 148.5 ɗin nan ya sani. Girma ɗaya, lissafi uku. Haka 3840×2160 a 60 yake neman 594, alhali HDMI 1.4 bai wuce 340 ba, shi ya sa ake ganin allon 4K ya tsaya a 30 a tsohuwar ƙofa. Jerin da direba zai nuna wa mutum shi ne abin da ya rage bayan an tace sau uku: abin da monita ke karɓa, abin da kati da waya ke iya fitarwa, da abin da memori zai ɗauka. 1920×1080 da bayit huɗu 8,294,400 ne. Kati mai megabayit 8 da ƙyar ya ɗauki shafi ɗaya.

Bawan UEFI: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma akwai abin da ya kamata Ɗan Koyo ya sani kafin ya zuba wata uku a kan BIOS. Hanyar tana rufewa. Tun 2017 Intel suka sanar za su cire goyon bayan tsohon BIOS zuwa 2020, kuma sababbin kwamfutoci da yawa ba su da INT 10h ko kaɗan. Abin da ke akwai shi ne GOP, hanyar saita allo ta UEFI, magajin BIOS. Tsarinsa ya fi tsabta: QueryMode ka ga jeri, SetMode ka zaɓa, PixelsPerScanLine shi ne takun layin da ya wahalar da kai, sai dai da ɗigo ake ƙirga shi ba da bayit ba. Ka kuma duba tsarin launi, wani ja ne a gaba, wani shuɗi. Amma da zarar ka kira ExitBootServices, wato ka karɓi ragama daga UEFI, an gama, ma'ajiyar hoton tana nan kana iya zane, sauya girma kuwa babu. Kuma shi ma jerinsa abin da mai firmwaya ya ga dama ne.

Ɗan Koyo: To ni da nake shirin komawa bit 64, ba zan iya kiran BIOS bayan tashi ba ke nan?

Tsohon Hannu: Kai tsaye a'a. A bit 32 akwai yanayin 8086 na kwaikwayo da ake fakewa da shi, a bit 64 babu. Ko dai ka sauko har yanayin asali ka koma, wanda ke da haɗari in katsewa ta shigo a tsakiya, ko ka saka mai kwaikwayon x86 a cikin manhajarka ya riƙa gudanar da kod ɗin BIOS, irin x86emu da X.org ke amfani da shi. Duk dabarun zaman jira ne. Linux ma ta daɗe tana barin saita allo a hannun X, tsarin da ke zana tagogi, har sai 2009 da KMS, wato saita allo daga cikin kanel, ya shiga kanel a 2.6.29, aka fara da katunan Intel. Kafin nan in kanel ya faɗi kana cikin X, saƙon mutuwarsa ma ba ka gani, domin shi kansa bai san halin da allo yake ciki ba. A wannan gaɓar ina tare da 'Yar Lantarki: ƙarshen tafiyar direba na asali ne. Inda nake tare da Kanel64 shi ne ba yau ba.

Kanel64: To in haka ne ga tsani. Ya fara da katin QEMU, wanda ke bayyana a PCI da 1234:1111. Ƙofa biyu ce kawai, 0x1CE ka zaɓi rajista, 0x1CF ka rubuta. Ka kashe, ka sa faɗi da tsawo da bit, ka kunna. Adireshin ma'ajiyar yana BAR0, rajistar adireshi ta farko a bayanan PCI na katin. A yini ɗaya zai samu sauya girma bayan tashi, kuma a nan zai gano duk wuraren da manhajarsa ta ɗauka cewa allo ba ya canzawa: tagogi, linzami, haruffa, shafin baya.

'Yar Lantarki: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya raba aikin gida biyu tun yanzu: ɓangaren da ke tattara yanayi yana tacewa, da ɓangaren da ke taɓa rajista. Na farkon ba zai canza ba ko da ya koma kan Intel. Batun gyaran BIOS dai har yanzu ina kan bakana.

Kanel64: Ni ma ina kan nawa, ga wanda tsohuwar kwamfuta ce kaɗai gare shi.

Ɗan Koyo: Na karanto EDID ɗin monitar, ya wuce gwajin jimla. Amma direbana ya ce faɗinta 128 ne, tsawonta 56. Ga farkon gurbin: 02 3A 80 18 71 38 2D 40.

'Yar Lantarki: Monitarka gaskiya ta faɗa, rabin maganarta ka ji. 02 3A a juye ake karantawa, 0x3A02, wato 14850, kowane ɗaya kilohaz goma, ga 148.5 ɗinmu. 80 shi ne ƙasan faɗi, 18 ƙasan hutu, su biyun kuma samansu yana cikin 71. Bakwai ɗin na faɗi ne, ka ɗora shi a kan 80 ya zama 0x780, 1920. Ɗayan na hutu ne, 0x118, 280. Haka 38 da 2D suke raba 40: huɗu a kan 38 ya ba da 0x438, 1080, sifili a kan 2D ya bar 45. Gyara ka turo mana abin da ya fito, sannan ka kawo bayit goman da suka rage mu duba inda alamar ƙarshen layi take farawa.

Ɗan Koyo: 1920 da 1080, jimla 2200 da 1125. Ya fito daidai. Bari in kwafo sauran goman.